Shin Ko Kun San? Mintunan Farko Da Ke Tsinka Zuciyar Mai Kallon Fim

Shin ko kun san cewa an yi zamanin da wasu gidajen sinima a Amurka ba sa buɗe labulen allo sai an gama nuna sunayen 'yan wasa? Majigi na aiki, rubutu na faɗawa a kan labule yana rufe, jama'a kuma na ta neman kujera. Ba wanda ya ɗauki wannan wurin da muhimmanci. A shekarar 1955 darakta Otto Preminger ya fitar da fim ɗinsa The Man with the Golden Arm, sai aka aika da gwangwanayen fim ɗin gidajen sinima ɗauke da takardar umarni ga masu kunna majigi, cewa su ja labule tun kafin sunaye su fara fitowa. Dalili kuwa shi ne aikin da wani mai zane, Saul Bass, haifaffen unguwar Bronx ta birnin New York, ya yi a wurin. Fararen sanduna ne ke kutsowa cikin baƙin allo, wata daga sama, wata daga gefe, suna bin kiɗan Elmer Bernstein, can sai su rikiɗe su zama wani karkataccen hannu mai yatsu a sandare. Fim ɗin labarin mutum ne da jarabar allurar ƙwaya ta kama, Frank Sinatra ne ya fito a matsayinsa. Tun kafin a ga fuskarsa an riga an ga hannun da ya jawo masa masifa.

Ni dai a ganina, a fim ɗin fargaba babu wurin da ya kai waɗannan mintuna biyu ko uku daraja. Duk wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya san ba naushin farko ne ke tayar da tsikar jiki ba, kiɗan da ya riga shi ne. Kafin 'yan dambe su ja daga, makaɗi ya gama da zukatan 'yan kallo. Aikin buɗewar fim ke nan.

Shin ko kun san cewa darakta Alfred Hitchcock ya taɓa bambance wa daraktan Faransa François Truffaut tsakanin firgita da zullumi ta hanyar misali da bam? A hirarrakin da suka yi a 1962, ya nuna masa cewa idan mutum biyu na hira a teburi bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙu ne kawai. Amma idan aka nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin teburin tun da wuri, ya san lokacin da zai tashi, to duk wata hirar banza da mutanen ke yi ta zama abin tayar da hankali. Wato zullumi na zuwa ne daga abin da ka sani wanda mutanen cikin fim ba su sani ba. Ku riƙe wannan, domin yawancin abin da zai biyo baya a kansa ya ginu.

Shin ko kun san cewa a fim ɗin Touch of Evil na 1958, Orson Welles ya aikata wannan misalin ido da ido? Abu na farko da ake gani shi ne hannun wani mutum yana saita agogon bam, ya ruga ya jefa shi a but ɗin wata mota. Mai motar da wata mace suka shiga, suka kama hanya cikin wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka. Kyamara ta bi su fiye da minti uku ba tare da an yanke ɗauka ko sau ɗaya ba. Motar ta tsaya wa ɗan sanda, ta tsaya wa masu tura amalanke, ta jera da wasu sabbin ma'aurata da ke tafiya a ƙasa, su ne Charlton Heston da Janet Leigh. A shingen jami'an kan iyaka matar da ke cikin motar har cewa take yi tana jin wani abu na ƙas-ƙas a cikin kanta, ba wanda ya kula ta. Kai kuwa mai kallo kana zaune kana ƙirga daƙiƙu. Sai dai kamfanin Universal ya ɗora sunaye da kiɗan Henry Mancini a kan wannan ɗauka, abin da Welles bai so ba. Ya rubuta musu takarda mai shafi 58 kan gyare-gyaren da yake so a fim ɗin. Ya rasu a 1985 ba a biya masa bukata ba. Sai a 1998 aka sake tace fim ɗin bisa takardar tasa, editan nan Walter Murch ya yi aikin, aka cire sunayen daga wurin. Darasin da ke nan a fili yake: wani lokaci gwanintar ita ce a san inda bai kamata a sa rubutu ba.

Shin ko kun san cewa da na'urar yaƙi aka zana buɗewar fim ɗin Vertigo na Hitchcock, shi ma na 1958? Bass ya fara da fuskar wata mace kurkusa, leɓenta, sannan idanunta suna waige-waige, sannan ido ɗaya ya cika allo. Sai komai ya rine ja, idon ya zazzaro, wani zane mai murɗewa ya fito daga cikin ƙwayarsa yana juyawa yana girma. Wanda ya samar da waɗannan zane-zane shi ne John Whitney, kuma ya yi amfani ne da wata tsohuwar na'urar saita bindigar harbo jiragen sama ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ya sauya wa aiki. Fim ɗin labarin tsohon ɗan sanda ne mai jin jiri idan ya hau sama. Kafin a faɗa maka ciwonsa, kai ma an sa ka ji juwa. Kuma matar da aka nuna idonta ba Kim Novak ba ce, jarumar fim ɗin.

A North by Northwest, wani fim ɗin Hitchcock na 1959, layuka ne ke ratsa koren allo su sarƙe, sunaye na hawa da sauka a kansu, sai layukan su zama gilasan wani dogon bene da ke haska cunkoson motocin New York. A ƙarshen sunayen ana ganin Hitchcock da kansa ya rugo zai shiga bas, ƙofa ta rufe a fuskarsa. Fim ne na gudu da farauta, kuma da gaggawa ya buɗe.

Shin ko kun san cewa a duk kiɗan fim ɗin Psycho da Hitchcock ya yi a 1960 babu ganga, babu ƙaho, babu sarewa? Bernard Herrmann ya rubuta shi ne da kayan kiɗa masu tsirkiya zalla, dangin goge, manya da ƙanana. Sauti ne mai kaifi, mai sauri, kamar ana kora ka. A kan allo kuma Bass ya sa sanduna masu launin toka suna kutsowa daga dama da hagu, daga sama da ƙasa, su kawo suna a gutsuttsure, ya haɗu na ɗan lokaci, ya sake tsagewa ya watse. Hatta sunan fim ɗin sai da ya dare, sama ta goce wa ƙasa. Sai wanda ya kai ƙarshe zai gane cewa an faɗa masa sirrin makashin, Norman Bates, tun a minti na farko, mutum ne da hankalinsa ya rabu biyu. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, bayan wannan buɗewar fim ɗin yakan ɗauki lokaci mai tsawo ba a zubar da jini ba. Labarin wata ma'aikaciya ce kawai da ta gudu da dala 40,000 na ofishinsu. Amma ba ka iya sakin jiki, saboda kiɗan farko ya riga ya yi maka alkawarin cewa akwai mugun abu a gaba. Hitchcock ya kuma kafa wa gidajen sinima sharaɗi cewa da zarar fim ɗin ya fara, kada a bar kowa ya shiga.

Shin ko kun san cewa sauti biyu kacal makaɗi John Williams ya yi ta maimaitawa ya hana mutane shiga teku? A Jaws na 1975, sunaye na fitowa kyamara na ratsa ciyayin ƙarƙashin ruwa, sautin na farawa a hankali yana ƙara sauri. Ba a nuna kifin da ke cin mutane ba, da idonsa kake kallo. Lokacin da Williams ya fara kaɗa wa darakta Steven Spielberg shi a fiyano, dariya ya yi, ya zaci wasa ne. Kiɗan ya ci kyautar Oscar. Ya kuma rufa wa fim ɗin asiri, domin kifin roba mai inji da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole sauti ya riƙa tsayawa a madadinsa.

Halloween na 1978 kuwa, kabewa ɗaya ce da aka fafe aka yanka mata ido da baki aka kunna wuta a ciki, kyamara na matsowa gare ta sannu a hankali har ta shige cikin ido ɗaya. Daraktan, John Carpenter, shi ya tsara kiɗan da kansa, kuma ya ɗora shi a kan bugu biyar-biyar maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba da shi. Shi ya sa kake jin kamar kiɗan na tuntuɓe, ba ya barin ka ka zauna daidai. Kuɗin da aka kashe a fim ɗin gaba ɗaya bai wuce kimanin dala 300,000 ba.

Shin ko kun san cewa ana iya tsorata mutum da kyakkyawan wuri da rana tsaka? Stanley Kubrick ya buɗe The Shining na 1980 da tafki da duwatsu da dazuzzukan gandun Glacier a jihar Montana, an ɗauko su daga jirgi mai saukar ungulu. Can ƙasa wata 'yar ƙaramar mota Volkswagen ruwan ɗorawa na bin hanya ita kaɗai. Idan ka kashe sauti, sai ka ce tallar yawon buɗe ido ce. Idan ka kunna, sai ka ji kiɗan da Wendy Carlos da Rachel Elkind suka gina a kan wata tsohuwar waƙar coci da ake rerawa a jana'iza, mai magana kan ranar hisabi. Nan take sai kyamarar ta zama kamar wani abu ne ke bin motar daga sama. Ragowar hotunan da aka ɗauka a wannan aikin ma ba su tafi a banza ba, da su aka rufe fim ɗin Blade Runner da aka fitar a 1982.

A Alien na 1979, 'yan sanduna ne ke bayyana ɗaya bayan ɗaya a saman allo, ba ka san me suke nufi ba, sai daga baya ka ga ashe haruffan sunan fim ɗin ne ke haɗuwa. Richard Greenberg ne ya tsara shi. Jinkirin da kansa shi ne abin tsoron.

Shin ko kun san cewa a fim ɗin Se7en na 1995 an nuna makashin tun a mintunan farko, alhali ba ya bayyana sosai sai fim ya yi nisa ƙwarai? Wannan shi ne aikin da ya farfaɗo da sana'ar tsara buɗewar fim bayan ta yi sanyi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Da farko niyyar darakta David Fincher ita ce ya buɗe da Morgan Freeman a jirgin ƙasa yana dawowa birni daga ƙauye, amma hakan bai yiwu ba. Sai aka ba wani matashin mai zane, Kyle Cooper, aikin cike gurbin. Shi kuma ya kai mu ɗakin makashin. Ba fuska, hannaye kawai. Ana ganin yatsu riƙe da reza suna fere fatar kan yatsu. Ana ganin allura da zare suna ɗinke shafukan littafi. Ana ganin rubutu ƙanana-ƙanana cunkushe a takarda, da baƙin alƙalami yana shafe idanun wani yaro a hoto, sannan ya shafe fuskar gaba ɗaya. Sunayen 'yan wasa da hannu aka kankare su, suna rawa, suna tsalle, suna dusashewa, kamar shi makashin ne ya rubuta su. A ƙarƙashi kuma wani sauti ne mai ƙara da ƙugi, wanda aka sake sarrafawa daga wata waƙar ƙungiyar Nine Inch Nails.

Ku duba hikimar. Freeman da Brad Pitt za su shafe fiye da awa guda suna neman mutumin da ba ya barin zanen yatsa a inda ya yi kisa. Su ba su san dalili ba. Kai ka sani, ka ga rezar da idonka. Bam ɗin Hitchcock ke nan a ƙarƙashin teburi, an dasa shi tun a wurin sunaye. Kuma sunan Kevin Spacey, wanda ya fito a makashin, ba ya cikin sunayen farko ko kaɗan, don kada mai kallo ya zauna yana jiran fitowarsa. An biya shi a ƙarshe, inda sunansa ya zo na farko. Sunayen ƙarshen ma daga sama suke gangarowa ƙasa, saɓanin yadda aka saba.

Fincher bai daina ba. A Fight Club na 1999 kyamara ta taso daga cikin ƙwaƙwalwar jarumin, ta fito ta fatar goshinsa, ta bi kan bindigar da aka cusa masa a baki. A Panic Room na 2002 manyan haruffa ne ke rataye a iska tsakanin benayen Manhattan, har da inuwarsu a gilasai. A Gone Girl na 2014 sunayen ba sa daɗewa, kafin ka gama karantawa sun ɓace, kuma labarin matar da ta ɓace ne.

Shin ko kun san cewa juya sunaye baibai ba Se7en ne ya fara ba? Shekara 40 kafin shi, a Kiss Me Deadly na Robert Aldrich, 1955, rubutun na saukowa ne daga sama, sai ka karanta shi a birkice. A bayan rubutun kana cikin mota da dare, rediyo na sakin muryar Nat King Cole mai taushi, wata mace da aka tsinta tana gudu a titi ba takalmi tana ta haki da shessheƙa. Haɗuwar daɗin waƙar da wannan numfashi ita ce ke hana ka sukuni. Christopher Nolan ma ya yi nasa juyin a Memento na 2000: hannu na riƙe da hoton gawa irin na kyamarar nan mai fitar da hoto nan take, ana kaɗa shi, amma maimakon ya ƙara fitowa sai ya riƙa dusashewa har ya koma fari, ya shige cikin kyamara, harsashi ya koma bindiga. A minti ɗaya an koya maka cewa labarin da baya-baya zai tafi, kuma jarumin mutum ne da abu ba ya zama a ƙwaƙwalwarsa.

Shin ko kun san cewa mutumin da ke tafiya a cikin bakin bindiga ya juyo ya yi harbi a farkon Dr. No na 1962 ba jarumin fim ɗin, Sean Connery, ba ne? Bob Simmons ne, mai yi wa jarumai wasannin haɗari, kuma hotonsa aka yi amfani da shi a finafinan James Bond uku na farko. Maurice Binder ne ya ƙirƙiro wannan buɗewa. An sa ka a matsayin wanda ke auna Bond, kuma kai aka harbe, jini ya gangaro ya rufe maka ido.

Buɗewar da ta fi taɓa ni ita ce ta Lord of War na 2005. An bi rayuwar harsashi ɗaya tun daga masana'anta, ya shiga akwati, ya hau jirgin ruwa, ya sauka a wata tashar Afirka, aka ɗura shi a bindiga. Tafiyarsa ta ƙare a goshin wani yaro da aka ba makami. Mu da muka san abin da yaɗuwar bindigogi ta yi wa garuruwa da ƙauyukanmu, wannan ba ya bukatar fassara.

Shin ko kun san cewa ba darakta kaɗai ke yanke yadda sunaye za su jeru ba? Yarjejeniyar 'yan wasa da dokokin ƙungiyoyin ma'aikatan fim su ke faɗin wanda zai riga wani da girman haruffansa. A The Towering Inferno na 1974 an rasa wanda za a fifita tsakanin Steve McQueen da Paul Newman, sai aka sa McQueen a hagu amma ƙasa-ƙasa, Newman a dama amma sama-sama. Cikin irin wannan ƙunci mai zanen ke neman hanyar tsorata ka.

Saul Bass ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa, tare da matarsa Elaine. Su suka yi wa Martin Scorsese buɗewar Cape Fear a 1991, inda fuskoki da ido da tsuntsu mai farauta ke wulgawa a cikin ruwa mai motsi, da ta Casino a 1995, inda mota ta tashi da Robert De Niro ya yi ta wulwulawa cikin wuta. Bass ya rasu a 1996. Har yau babu rukunin kyautar Oscar na wannan sana'a, ko da yake kyautar Emmy ta talabijin tana da shi.

Shin ko kun san cewa kamfanin Netflix, wanda ya kawo maɓallin tsallake buɗewa a 2017, ya bayyana a 2022 cewa ana danna shi sau miliyan 136 a kowace rana? A shiri mai dogon zango da mutum ya ga buɗewarsa sau da yawa, ba laifi. Amma ɗabi'ar ta bi mu har cikin finafinai, yatsa na kan waya yana jan fim gaba da zarar an ga rubutu.

Kirana ga masu shirya finafinanmu na Hausa shi ne su dubi wannan wuri da idon basira. Sau da yawa mukan cika shi da jerin godiya da kiɗan da bai da alaƙa da labarin, alhali kabewa ɗaya da fiyano sun ishi Carpenter, reza da allura da littafi sun ishi Cooper. Ba kuɗi ne matsalar ba, tunani ne. Godiya tana da wurinta a ƙarshe.

Ku kuma masu karatu, ku gwada wannan a daren yau: ku nemo buɗewar Psycho ko ta The Shining, ku kalle ta sau ɗaya ba sauti, ku sake kallonta da sauti. Daga nan idan kun zauna kallon fim ɗin fargaba, ku ajiye waya, ku bar sunayen su wuce da kansu.